Wane tankin ruwa ya dace da zafin Birnin Kebbi? Abin da na gani kafin na canza nawa

Duk wanda ya taɓa buɗe famfo da azahar a watan Afrilu a garin nan ya san sai an tara ruwan a buta ya huce kafin a yi alwala. Har raha muke yi, wai an ba mu hita kyauta. Ni ma haka nake faɗa, sai da Kawuna ya zo daga Argungu ya sauka a ɗakin baƙina a unguwar Gesse, ɗakin da aka yi wata biyar ba a buɗe shawarsa ba. Kwana shida da komawarsa gida zazzaɓi ya rufe shi, ga tari, ga numfashi yana sarƙewa. Aka yi maganin maleriya, aka koma na taifod, shiru, sai da hoton ƙirji ya nuna ciwon huhu. Likitan da ya canza masa magani ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, a ina Baba yake wanka kwanakin nan? Yaushe rabonka da leƙa tankinka?"

Rabona da shi tun ranar da aka ɗora. Na sa tsani na hau. Murfin ya tsage biyu, bangon ciki ya yi kore shar da gansakuka, sai santsi kamar miyar kuɓewa, a ƙasa kuma laka ce ta kai kaurin yatsa uku, da ƙadangare guda ya riga mu gidan gaskiya.

Cutar da likitan yake tsoro ana kiranta Lijiyoniya, kuma sunan ya samo asali ne daga wani taron ƙungiyar tsofaffin sojojin Amurka mai suna American Legion da aka yi a wani otal a birnin Filadelfiya a 1976, inda mutum 34 suka rasu. Sai a farkon 1977 aka gano ƙwayar da ke jawo ta. Ba ta shan ruwa aka fi kamuwa ba, ta shaƙar feshinsa ne, irin wanda shawa ke watsawa, kuma ba a cika ɗaukarta daga mutum zuwa mutum ba. Tana bayyana kwana 2 zuwa 10 bayan an shaƙa, ta fi kama wanda ya haura shekara 50, da mai shan taba, da mai ciwon suga ko ciwon huhu. A ƙididdigar Amurka kusan ɗaya cikin goma na waɗanda ta kama ba sa tashi, kuma can adadin masu kamuwa ya ninka kusan sau tara tsakanin 2000 da 2018. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zafin da ƙwayar take so: daga digiri 20 zuwa 45, a ruwan da ya kwanta ba ya motsi, mai datti da tsatsa. Wato dai hoton tankunanmu ne aka zana.

To, ga abin da ke kasuwa.

Tankin ƙarfe ban ma tsaya tayawa ba. Yana tsatsa, ƙwayar kuma tana son sinadarin ƙarfe, rana kuma tana gasa shi kamar tandar masa. Durom da manyan jarkokin nan masu kejin ƙarfe da ake kawowa na hannu, ba ka san abin da suka ɗauko ba a rayuwarsu ta farko, a bar wa masu buga bulo. Na ƙasa, wanda ake ginawa da siminti, ya fi kowa sanyi, wannan na yarda. Amma wankinsa aiki ne ja, in ya tsage ba ka gani, kuma a filayenmu na yanzu sau da yawa tsakaninsa da ramin sokawe taku kaɗan ne. Bayan haka ma dole ka tura ruwan sama, ka ga an dawo inda aka faro.

Baƙin tankin roba shi ne na kowa, kuma yana da amfani ɗaya na gaske: haske ba ya ratsa shi, gansakuka ba ta samun abin ci. Aibinsa launinsa ne, yana zuƙar rana tun hantsi.

Wanda na saya, kuma shi nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni, shi ne na roba mai hawa uku: waje mai haske, fari ko ruwan ƙasa, tsakiya baƙi mai tare haske, ciki kuma fari fat mai santsi. Wajen yana mayar da rana, tsakiyar tana hana kore, farin cikin kuma shi ne abin da na fi so, don da ka ɗaga murfi ka haska tocila za ka ga ko ƙwayar yashi ce ta kwanta. A baƙin tanki datti ɓuya yake yi. Nawa murfinsa mai juyawa ne kamar na kwalba, iskar farkon damina ba ta ɗauke shi. Na sa mai gyaran famfo ya fitar mini da bututun zubarwa a can ƙasa, don a iya kwashe laka ba sai an tura yaro ciki da tsumma ba. Na kuma yi masa rumfar kwano da tazara a sama don iska ta riƙa ratsawa, na naɗe bututun da ke bin bango a rana. Ba zan ce ruwan ya koma na randa ba, zafin Kebbi ba ya barin haka, amma yanzu ana alwala da shi kai tsaye.

Girma kuwa, nan ne yawancinmu muke kuskure. Saboda tsoron ɗaukewar wuta mutum zai ɗora lita 5,000 a gidan mutum shida, ruwa ya yi mako yana kwance. Na sauko zuwa lita 2,000, wanda muke ƙarar da shi cikin kwana biyu a sake turo sabo. In dole sai biyu, a haɗa su yadda ruwa zai ratsa dukansu, kada ɗaya ya zama tafki.

Yanzu bari in zo kan masu cuta, don tankina na farko jabu ne. Mai shagon ya ce mini, "Yallaɓai, kamfani ɗaya ne, lebur ne kawai ya bambanta," ya rage mini kuɗi sosai, ni kuma na ga banza ta faɗi. Ashe tsohuwar roba ce aka narka. Irin wannan ko shekara biyu ba ya yi yake fara tsagewa daga wuya. Ga yadda nake gwadawa yanzu, kuma ba na jin kunyar kowa. In sa a kwantar da tankin a rana, in zura kaina ciki in rufe bakin da babbar riga: in na ga haske yana ratso bango, na fasa. In shinshina, mai warin ƙonanniyar leda ko man fetur ba na ruwan sha ba ne. In danna gefensa da gwiwa, na kirki ba ya lotsawa. Sunan kamfani da yawan lita su kasance a jikin robar aka zuba su, ba takarda aka manna ba, tare da alamar SON, hukumar kula da ingancin kaya. Akwai masu fesa wa baƙin tanki farin fenti su ce mai hawa uku ne, to ka kankare gefen baki da makulli, ka kuma dubi kaurin robar a inda aka huda, hawa ukun suna fitowa kamar yankan alkaki. Akwai masu sauya murfi, su ba ka wanda ba ya zama daidai. Kada ka biya ka tafi a ce za a aiko, wanda ka gwada shi za a ɗora a amalanke a gabanka. Mai gyaran famfon da ya nace sai shago guda, yana da la'ada a can. Rasiti kuma a rubuta girma da sunan kamfani.

Hita ma tana cikin lissafin. Mai ajiye ruwa a ciki sai ta kai digiri 60 take kashe ƙwayar, mu kuwa wuta tana zuwa ta ɗauke, ruwan ya tsaya ɗumi-ɗumi, sannan daga ƙarshen hunturu a manta da ita wata tara da ruwa a cikinta. In za ka iya riƙe ta a 60 ka kuma kiyaye yara daga ƙuna, to. Ni na cire tawa na sa mai zafafawa nan take, wadda ba ta ajiye komai.

Tankin ana wanke shi da kulorin sau biyu a shekara, kafin bazara da bayan damina. Kan shawa ina kwance shi duk wata uku in jiƙa in goge. Ɗakin baƙi kuma duk Juma'a kafin masallaci nakan cire kan shawar, in buɗe taga, in saki ruwan ya zuba na 'yan mintoci ina waje. Kawu ya warke, ya sake zuwa da Babbar Sallah, amma ya ce a kai masa bokiti.