Turnitin a hannun mai maimaita rubutunsa

Malamin jami'a da ya kammala digirin digirgir yakan so ya fitar da maƙaloli biyu ko uku daga cikin kundinsa, tun da ƙarin girma a wurin aiki ya rataya ne a kan abin da ya wallafa. A kan wannan buƙata na auna Turnitin, manhajar wani kamfanin Amurka da aka kafa a 1998, wadda jami'o'i da dama ke sa ɗalibai su bi ta cikinta kafin su kare kundinsu.

Aikinta shi ne ta gwama rubutun da aka ɗora mata da shafukan intanet, da mujallun ilimi, da ayyukan ɗalibai da ke ajiye a rumbunta, sannan ta fitar da rahoton da ke nuna kashi nawa cikin ɗari ya zo daidai da wani rubutu. A wannan fanni ta cancanci yabo. Idan marubuci ya kwashe sakin layi daga tsohuwar maƙalarsa ya zuba a sabuwa, za ta haska wurin ta kuma nuna inda ya fito, abin da ke ba shi damar ya ambaci aikinsa na baya kamar yadda zai ambaci na wani.

Sai dai kalmomi take gani, ba tunani ba. Wanda ya ɗauki hujja guda da sakamakon bincike guda ya sake musu riga sau uku, ya aika wa mujallu uku, zai iya samun rahoto fes, alhali shi ne ya fi cutar da ilimi. Shi kuwa wanda ya maimaita bayanin hanyar gudanar da bincike, wanda sau da yawa ba shi da wata siga ta biyu, sai alƙalumansa su yi sama. Kamfanin ma da kansa ya ce kason ba hukuncin satar fasaha ba ne, amma kwamitocin da ke kafa iyaka guda ga kowa ba su cika sauraren wannan ba.

Akwai wani tarko kuma: idan aka ɗora daftari aka bar shi ya shiga rumbun, to kundin ƙarshe zai yi karo da kansa. Ya kamata a nemi mai kula da manhajar ya zaɓi tsarin da ba ya ajiye aikin. Makarantu ne ke biyan kuɗin Turnitin; akwai kuma 'yar uwarta iThenticate, wadda mujallu da yawa ke tace maƙaloli da ita.