Wasiƙa daga Lome zuwa Tahoua: kasuwa, mulki da hanya

Kawu Alhaji, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali da dukkan mutanen gida, na rubuto ne domin in amsa tambayar da kuka yi mini kan zaman Lome, musamman tun da ƙanena ya fara zancen biyo ni biɗa bayan an gama girbi. Na ga ya fi kyau in bayyana muku yadda birnin yake da yadda ake cin abinci a cikinsa, ku auna da kanku kafin ku ba shi izini.

Lome babban birnin Togo ne tun 1897, zamanin Jamusawa, kuma yana zaune a bakin teku, jingine da iyakar Gana, har mutum yana iya takawa da ƙafa daga cikin gari ya isa Aflao, garin Gana da ke kan iyakar. Ƙidayar 2022 ta nuna cewa birnin da kewayensa na ɗauke da mutum fiye da miliyan 2, a ƙasar da duk jama'arta ba ta wuce miliyan 8 da 'yan kai ba. Mafi yawan mutanenmu suna Agoe Zongo, arewacin gari, inda ake jin Hausa da Zabarmanci a masallaci da kasuwa kamar ana Yamai, sai dai a cikin gari harshen Mina da Faransanci ne ke sayar da kaya.

Abin da ke riƙe da birnin nan shi ne tashar jiragen ruwa. Ruwanta na da zurfi, ya kai wajen mita 16, shi ya sa manyan jiragen kwantena ke iya tsayawa a nan su sauke kaya, sannan ƙananan jirage su rarraba shi zuwa sauran tasoshin gaɓar teku. Duk wanda kuka gani yana samu a Lome, in kuka bi diddigi, za ku tarar da igiyarsa ɗaure da tashar: mai fitar da kaya daga duwan, direban kamiyo, ɗan dako, dillalin tsofaffin motoci, mai canji, har da mai sayar da abinci a bakin ƙofa. Akwai kuma manyan bankunan yanki da suka kafa hedkwata a nan, wato Ecobank da BOAD (bankin raya Afirka ta Yamma) da bankin zuba jari na CEDEAO (ƙungiyar ECOWAS), ga kamfanin jiragen sama na ASKY da ya mai da filin jirgin Lome cibiyarsa. Ƙasar tana fitar da fosfat da auduga da waken soya, kuma a 2021 an buɗe yankin masana'antu a Adetikope, amma talaka irina kasuwa ya sani.

A kan farashi, abin da na lura da shi a shekarun da na yi a nan shi ne, duk abin da ya fito daga teku ya fi sauƙi a Lome, duk abin da ya fito daga ƙasarmu kuma ya fi tsada. Shinkafa 'yar waje, man girki, taliya, atamfa, kayan gyaran babur, wayar salula da kayan gwanjo na kasuwar Hedzranawoe, duka ana samun su ƙasa da yadda kuke saye a kasuwar Tahoua, kuma da yake sefa ɗaya muke kashewa, ba a wahalar lissafi. Atamfa kuwa tana da tarihi a babbar kasuwa ta Asigame, inda matan da ake kira Nana Benz suka yi suna da dukiya tun shekarun 1970. Kifi da kwakwa da abarba da ayaba suna nan a yalwace. Amma nama, Kawu, sai mai hali. Ragon da za a yi cinikinsa ba tare da wata damuwa ba a kasuwar Badagishiri, a nan sai an yi shawara kafin a taya shi, balle gab da Layya. Gero na zuwa amma ba shi ne abincin gari ba. Mutanen nan tuwon masara da sakwara da shinkafa da wake suke ci, kuma furar da ake damawa a Zongo ba ta kai ta gida ba saboda nono ya yi ƙaranci. Albasar Galmi tana da daraja ƙwarai, matan kasuwa suna gane ta da launinta, kuma raina yakan sosu in na tuna abin da manomi ya karɓa a bakin gona da abin da ake sayar da ita a nan. Man fetur ma ya fi araha a gida, albarkacin matatar Damagaram. Kuɗin haya shi ne babban nauyi, domin masu gida sukan nemi kuɗin watanni da dama a dunƙule kafin su miƙa makulli, wutar lantarki kuma ta kati ce, in kuɗinka ya ƙare ta ɗauke.

Zancen mulki zan taƙaita shi. Faure Gnassingbe ne ke jagorancin ƙasar tun 2005, bayan rasuwar mahaifinsa Eyadema wanda ya yi shekara 38 kan mulki. A 2024 an sauya tsarin mulki zuwa na majalisa, kuma a watan Mayun 2025 Faure ya zama shugaban majalisar ministoci, inda ainihin iko yake. Birnin kansa an raba shi ƙananan hukumomi 13, kowace da magajin garinta, su ne ke karɓar harajin kasuwa da na rumfa. Baƙo dai ya riƙe katinsa na shaida da takardar ofishin jakadanci, ya biya abin da aka aza masa, ya nisanci taron siyasa.

Zirga-zirgar cikin gari kusan duka a kan babur take. Kabu-kabu a nan zemijan ake kiransa, ko zem a taƙaice, yana da yawa fiye da duk abin da kuka gani a Yamai, kuma ana ciniki kafin a hau. Hular kwano dole ce, 'yan sanda ba sa wasa da ita. Akwai taksi na haɗaka, akwai manyan bas na kamfanin SOTRAL masu araha, ga kuma Gozem da ake kira ta waya a ga farashi tun kafin a tashi. Aikin zem shi ne abin da sabon zuwa ke fara tunani, amma ban so ƙanena ya shige shi ba, saboda haɗari ya yi yawa, kuma wanda bai san unguwanni ba bai iya gasa da 'yan gari.

Hanyar gida ita ce ta fi damuna. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, kayan Nijar da yawa suka dawo Lome. Kamiyo na taruwa a arewacin gari, su bi hanya mai lamba 1 ta Atakpame, Sokode, Kara da Dapaong har Sinkase, fiye da kilomita 600, su shiga Burkina Faso, inda sukan jira rakiyar soja kafin su bi ta Kaya da Dori su faɗo Tera a ƙasar Nijar, su wuce Yamai. Daga Yamai kuma sai an ƙara wasu kilomita fiye da 500 ta Doso da Konni kafin a iso gare ku. Kowane kwanan da mota ta yi tsaye ana biyan sa, kuma a kan buhun shinkafar da kuke saye yake ƙarewa. Don haka kada ku ga arahar da na ambata ku ce in auno kaya in aiko, domin hanya za ta cinye ribar. Kuɗi ya fi sauƙin aikawa ta kamfanonin aika kuɗi, cikin yini guda ya iso.

Idan kun amince ƙanena ya zo, shawarata ita ce ya zo da niyyar tsayawa tare da ni a rumfar albasa na shekara guda, ya koyi Mina da lissafin kasuwa, ya kuma taho da katinsa na shaida da takardar rigakafin shawara. Ku gaishe mini da Inna da su Gwaggo, ina jiran amsarku kafin ƙarshen wata.