Zaɓen mai raino a Birtaniya: yara nawa doka ta yarda ta riƙe, kuma nawa za ku biya a shekara

Iyalin da suka zo Birtaniya aiki, mata da miji duka suna fita, babu kaka babu ƙanwa a kusa, galibi hanya biyu ce a gabansu: ko su kai yaro nazare, ko su kai shi wajen mai raino mai rajista da ke karɓar yara a gidanta, wadda a takardun hukuma za ku ga an rubuta childminder. Akwai maza a sana'ar, amma mata suka fi yawa nesa ba kusa ba. Mai raino ta fi araha a mafi yawan garuruwa, kuma ta fi sauƙin daidaitawa da mai aikin asibiti ko gidan kula da tsofaffi da ke fita tun da duku-duku. Sai dai kuɗin awa ɗaya da za ta faɗa muku ta waya ba shi ne abin da za ku auna ba. Abu uku ne ke yanke abin da zai fita daga aljihunku: yankin da kuke zaune, shekarun yaron, da abin da aka rubuta a bizarku.

Birtaniya ba doka ɗaya take bi a wannan fanni ba. A Ingila hukumar Ofsted ce ke yin rajista, ko kuma wani kamfanin wakilci da ita Ofsted ta amince da shi. Mai raino ɗaya ba za ta wuce yara 6 'yan ƙasa da shekara 8 ba a lokaci guda. Cikin shidan nan, 3 kawai za su zama ƙanana, kuma yaro yana nan a lissafin ƙanana har ranar 1 ga Satumba da ta biyo bayan cikarsa shekara 5. Cikin ukun nan kuma, jariri ɗaya tak ɗan ƙasa da shekara 1. Ana ɗaga ƙafa ga tagwaye, ko idan ita ma tana da jaririnta, ko don kada a raba yaro da inda ya saba, amma jimillar 6 ba ta motsi.

A Scotland hukumar Care Inspectorate ce, kuma lissafin ya fi faɗi ta sama: yara 8 'yan ƙasa da shekara 16, 6 daga ciki 'yan ƙasa da 12, 3 waɗanda ba su shiga firamare ba, jariri 1 ɗan ƙasa da wata 12. Wales, ƙarƙashin Care Inspectorate Wales, ta yarda da yara 10 'yan ƙasa da shekara 12, 6 'yan ƙasa da 8, 3 'yan ƙasa da 5, kuma a cikin ukun za a iya samun 2 'yan ƙasa da wata 18. Wannan bambanci na ƙarshe ba ƙarami ba ne ga mai goyo: a Cardiff mai raino za ta iya karɓar jarirai biyu 'yan wata 10 daga gidaje daban-daban, a Manchester ko Glasgow kuwa a ƙa'ida gurbi ɗaya ne. A Ireland ta Arewa rajistar tana hannun hukumomin lafiya da walwala na yankuna, kuma iyakar ita ce yara 6 'yan ƙasa da 12, 3 daga ciki waɗanda ba su kai shekarun makaranta ba.

A duk yankunan huɗu ana ƙirga 'ya'yan mai rainon na cikinta. Idan tana da ɗanta mai shekara 2, gurbin ƙanana biyu ya rage mata. Iyaye da yawa sukan manta su tambayi wannan.

Daga wannan iyaka kuɗin ke fitowa. A ɗauki misalin mai raino da ke karɓar fam 6 a awa, tana aiki awa 50 a mako, guraben ƙanana uku a cike. Fam 900 ke nan a mako, kafin ta cire abinci, wuta da gas, mai a mota, inshora, kayan wasa, kuɗin kwas da haraji, don kanta take yi wa aiki, babu mai biyanta ranar da ta kwanta rashin lafiya. Gurbi ɗaya ya zauna babu yaro, kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta ya tafi. Shi ya sa take fifita mai son kwana biyar a kan mai son Talata da Alhamis, shi ya sa take neman ku biya ko yaron bai zo ba, shi ya sa kuma gurbin jariri yake wuyar samu. Wanda zai koma aiki jaririnsa na wata 9 ya fara nema tun ana da ciki, ba sai an yi suna ba. Ɗan shekara 3 ya fi sauƙin samun wuri, ɗan makaranta da za a ɗauko da yamma ya fi kowa.

Idan kun je kuka tarar da ƙanana biyar ko shida, kada ku yi saurin cewa ta karya doka. Mai raino na iya ɗaukar mataimakiya, kuma kowace mataimakiya tana ƙara adadin, muddin girman gidan ya isa. A Ingila ana auna fili: murabba'in mita 3.5 ga ɗan ƙasa da shekara 2, mita 2.5 ga ɗan shekara 2, mita 2.3 ga ɗan 3 zuwa 5. Abin tambaya shi ne wa zai riƙe yaronku da rana. Doka ta yarda a bar mataimakiya ita kaɗai da yara har awa 2 a rana, da izinin iyaye, kuma sai tana da shaidar horon agajin gaggawa na yara. Yawanci wannan lokacin shi ne na zuwa ɗauko 'yan makaranta, wajen ƙarfe uku na rana. Ku tambaya ko jaririnku zai zauna gida ko kullum za a saka shi a keken turawa a fita da shi cikin sanyin Janairu. Don kwatance, nazare a Ingila na da babba ɗaya ga yara 3 'yan ƙasa da shekara 2, ɗaya ga 5 'yan shekara 2 tun Satumba 2023, ɗaya ga 8 ko ma 13 daga shekara 3. Wato ga jariri babu wani bambancin adadi sosai. Daga shekara 2 zuwa sama ne mai raino ke yi wa nazare fintinkau.

Batun farashi, ƙungiyar Coram Family and Childcare na fitar da binciken shekara-shekara. A na 2024, awa 25 a mako ga ɗan ƙasa da shekara 2 ya kai kimanin fam 158 a nazare, wajen mai raino kuma kimanin fam 130, idan aka haɗa Ingila, Scotland da Wales. Tsakiyar Landan ce kan gaba a tsada, sai kewayenta da kudu maso gabashin Ingila. Arewacin Ingila da Wales sun fi sauƙi. Wannan matsakaici ne kawai, a unguwa ɗaya ma za ku ga tazarar fam ɗaya ko biyu a awa.

Ga yadda tazarar ke yaudara. A ce kuna buƙatar awa 40 a kwana huɗu. Ga masu raino biyu: ta farko tana karɓar fam 5.50 a awa, ana biyanta mako 52 har da makonni huɗu na hutunta, abinci fam 4 a rana daban. Ta biyu fam 6.50, ba a biyanta lokacin hutunta, abinci na ciki. Ta farko: fam 220 sau 52 ya ba da 11,440, a ƙara abincin mako 48, fam 768, jimilla 12,208. Ta biyu: fam 260 sau 48, jimilla 12,480. Wanda ya dubi kuɗin awa zai ɗauka ya rage kusan fam 2,000 a shekara, alhali fam 272 ne. Idan ta farkon tana cajin kuɗin fita yawo ko audugar jarirai, ragin ya ƙare.

Saboda haka kafin sa hannu a yarjejeniya, a nemi amsar waɗannan a rubuce. Kuɗin kafin alƙalami nawa ne, kuma yaushe ake mayarwa. Akwai kuɗin riƙe gurbi, wanda ba a mayarwa, idan gurbin ya buɗe a Yuni amma ku sai Satumba za ku fara. Wasu rabin kuɗi suke karɓa. Ranakun hutun ƙasa ana biya ko ba a biya. Idan yaro ya yi amai ko gudawa za a ce ya zauna gida awa 48 bayan ya tsaya, kuma kusan ko'ina za ku biya kwanakin. Tarar makara wajen ɗauka, wadda wasu ke lissafawa duk minti 15, tana cin ma'aikatan asibiti da ba sa tashi sai sun miƙa aiki. Sai wa'adin sanarwa kafin janye yaro, galibi mako huɗu. Mai niyyar tafiya gida Kano ko Zinder na mako shida ya faɗa tun farko, don ko dai ya biya gurbin yana can, ko ya dawo ya tarar an ba wani.

Tallafin gwamnati shi ne inda yanki da biza ke raba mutane. A Ingila, tun Satumba 2025, iyaye masu aiki na samun awa 30 na raino da gwamnati ke biya a mako, daga wata 9 har shiga makaranta, na mako 38 a shekara, wato awa 1,140. Sharaɗin shi ne kowannensu yana samun aƙalla kwatankwacin awa 16 a mako a kan mafi ƙarancin albashi, kuma babu wanda ya haura fam 100,000 a shekara. Tallafin ba ranar cikar wata 9 yake farawa ba, sai zangon da ya biyo baya: 1 ga Satumba, 1 ga Janairu ko 1 ga Afrilu. Yaron da ya cika wata 9 ranar 5 ga Satumba sai Janairu. Dole a karɓi lambar shaidar cancanta daga gwamnati kafin zangon ya shiga, a kuma sabunta ta duk wata uku. Wanda ya manta zai iya biyan zango guda daga aljihunsa. Idan aka shimfiɗa awannin a kan shekara gaba ɗaya, kusan awa 22 ne a mako, ba 30 ba.

Amma mafi yawan masu bizar aiki ko ta karatu an rubuta musu cewa ba su da damar cin kuɗin tallafin gwamnati, kuma wannan ya cire su daga awa 30 ɗin, ya kuma cire su daga Tax-Free Childcare, tsarin da gwamnati ke ƙara fam 2 a kan duk fam 8 da iyaye suka zuba, har fam 2,000 a shekara ga kowane yaro. Idan ɗaya daga cikin ma'auratan ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin, shi zai nema. Abin da kowa ke samu a Ingila ba tare da duba biza ba shi ne awa 15 a mako ga ɗan shekara 3 da 4. Akwai kuma awa 15 ga ɗan shekara 2 na iyalai masu ƙaramin ƙarfi, wanda aka buɗe wa masu irin wannan biza idan kuɗin shigarsu bai wuce wani adadi ba. Ƙaramar hukuma ake tambaya. Scotland ta fi kyauta a nan: tun Agusta 2021 duk ɗan shekara 3 da 4 na da awa 1,140 a shekara, ko iyayensa na aiki ko ba sa yi, amma ɗan ƙasa da shekara 2 ba shi da komai. Wales na ba iyaye masu aiki awa 30 na mako 48 ga ɗan 3 da 4. Ireland ta Arewa ragin kashi 15 cikin 100 ta kawo a Satumba 2024, ga waɗanda suka cancanci Tax-Free Childcare. Ba kowace mai raino ke karɓar awannin gwamnati ba, a Scotland ma sai wadda ta ƙulla yarjejeniya da ƙaramar hukuma, don haka a tambaya kafin a je ganin gida. A Ingila ba a yarda ta ɗora ƙarin kuɗi a kan awar da gwamnati ta biya ba. Abinci da kayan amfani za ta iya caji, amma ba tilas ba.

Akwai hanyar da 'yan'uwa ke yawan bi saboda tsada: a ba wata 'yar gari da ke zaune a gida, a riƙa ba ta wani abu. A Ingila duk wanda zai riƙe ɗan ƙasa da shekara 8 a gidansa fiye da awa 2 a rana don kuɗi a ƙa'ida sai da rajista, in ban da dangi na kusa kamar kaka, goggo, inna, kawu ko yaya. Babu inshora, babu wanda ya binciki sauran mutanen gidan, babu iyakar yara, kuma babu tallafin da zai bi ta wannan hanya. Riƙo irin na gida ma yana da doka: yaron da bai kai 16 ba idan zai zauna kwana 28 ko fiye wajen wanda ba dangi na kusa ba, sai an sanar da ƙaramar hukuma.

Mai rajista za ta ba ku lambar rajistarta ba tare da jan rai ba. Da lambar ake neman rahoton bincikenta a shafin hukumar, don Ofsted sau da yawa ba ta wallafa sunan mai raino da adireshinta. Wadda ke ƙarƙashin kamfanin wakilci ba ta da rahoton Ofsted na kanta, rahoton kamfanin za ku nema. Ku ga takardar agajin gaggawa, wadda ake sabuntawa duk shekara 3, da ta inshora. A Ingila duk ɗan shekara 16 zuwa sama da ke zaune a gidan sai an yi masa binciken DBS, wato na duba ko ya taɓa aikata laifi, har da mijinta da manyan 'ya'yanta. Ku je lokacin da yara ke nan, ba da yamma bayan an watse ba, ku ƙirga su da idonku, ku duba ƙofar matakala da inda jarirai ke barci. Gidajen Turawa da yawa na da kare, a tambaya ko yana shiga falon da yara ke rarrafe. Abinci kuma kada a tsaya kan "ba ya cin alade", don akwai gelatin, wanda sau da yawa daga alade ake samo shi, a alewa da wasu kayan zaƙi, kuma naman kanti ba yankan Musulmi ba ne sai an rubuta. Mafi sauƙi a rubuta a yarjejeniya cewa kifi da kayan lambu kawai za a ba shi, ko ku riƙa haɗo masa abincinsa daga gida a cire muku kuɗin abinci.