Wata bakwai da batir na biyu a jif ɗina

Sana'ata dankalin Turawa ce. Daga Jos nake tashi zuwa ƙauyukan Bokkos da Mangu, kuma yawancin lodi da dare muke yi a bakin gona, inda babu wuta, sabis ɗin waya ma sai ka hau dutse. Shi ya sa na ɗaura wa Prado ɗina doguwar fitilar LED mai wat 120 a saman rufi, da rediyon oba-oba na magana da direbobinmu.

Wata asuba cikin hunturu, bayan mun yi awa uku muna lodi, fitila a kunne inji a kashe, na murɗa makulli sai na ji ƙas-ƙas, shiru. Motar otomatik ce, ba ta turuwa. Sanyin Bokkos kuwa wanda ya sani ya sani. Sai da rana ta fito muka samu mai Hilux ya ba mu wuta. Laifina ne: fitilar tana jan amp 10, awa uku amp 30 ke nan, shi kuwa batirin tada mota ba a yi shi don a riƙa tatsarsa haka ba.

Sai na sayi batir irin AGM mai amp 100, wanda ke jure tatsa, aka zaunar da shi a but, da wata ƙaramar na'ura da masu rewaya ke kira aisoleta. Aikinta ya burge ni. In inji ya tashi, caji ya haura kamar bolt 13.3, za ka ji ƙwas, ta haɗe batiran biyu altaneta na cika su tare. In ka kashe, ya sauko wajen 12.8, ta raba su. Fitila da rediyo su yi ta shan na baya, na gaba yana nan da ƙarfinsa.

Inda na sha wuya shi ne hannun mai haɗawa. Yaron farko siririyar waya ya ja daga bonet har but, babu fiyus ko ɗaya. Da na yi magana ya ce, "Alhaji, ka kwantar da hankalinka, haka muke yi wa kowa." Mako biyu tsakani, ina gangarowa wajen Barkin Ladi, warin roba ya cika motar. Ashe ta wani ramin ƙarfe ya bi da wayar ba tare da roba ba, gefen ya yi ta cin bayanta. Allah ne ya kiyaye.

Wani dattijon mai rewaya a Farin Gada ya warware aikin gaba ɗaya. Ya sa waya mai kauri, wadda masu rewaya ke kira 25mm², ya zura ta cikin bututun roba, ya sa fiyus biyu, kowanne bai fi taƙi ɗaya daga kan batirinsa ba. Na ce, "Baba, ɗaya bai isa ba?" Ya ce wayar nan wuta take sha ta kai biyu, in ta taɓa bodi a tsakiya, batirin da ba shi da fiyus shi zai ƙona motar. Ban sake cewa uffan ba.

Abu ɗaya har yau bai gyaru sosai ba. Da zarar na kunna fitilar, rediyo sai ya ɗauki shuu, muryar direba ta dushe. An raba musu waya, an matsar da eriya, abin ya ragu amma bai tafi ba. Ina zargin fitilar ce, don mai araha na saya.

Batirin kuma nauyi gare shi, ya kusa kilo 30, ya cinye wurin rabin buhu. Kada kuma amp 100 ɗin ta ruɗe ka, rabi ne naka in kana so ya yi ƙarko, wato kamar awa biyar na fitila. In mitar batirin ta nuna bolt 12.2 nakan tada inji. Zirga-zirgar Terminus zuwa Bukuru ba ta cika shi, sai doguwar tafiya. Masu sababbin motoci da altanetarsu ke rage caji da kanta su tambayi cajar DC-DC, wato na'urar da ke daidaita cajin kafin ya shiga batir na biyu, aisoleta irin tawa ba lalle ta yi musu ba.

Daren Talatar da ta wuce mun yi lodi har ƙarfe biyu a Bokkos, yaran har cajin waya suka yi a jiki. Da asuba murɗa ɗaya na yi.