Faifan Captain Blood: likitan da aka saya fam goma

Ƙanina ne ya kawo mini faifan daga Amurka, cikin tsarabar da ya yi mana da azumin bara. A shagon kayan gwanjo ya tsinto shi. Kwalin ya ɗan tsage ta gefe, amma faifan kansa babu ko ƙwarzane. Ya san adabi nake koyarwa a sakandare, ya kuma san duk shekara idan muka zo kan zubi da tsarin wasan kwaikwayo sai na yi ta neman misalin da yara za su gani da idonsu, ba wanda zan zana musu a allo kawai ba. Faifan ya yi wata huɗu a kan kanta ban taɓa shi ba, sai wata Juma'a da daddare da Baffa ya zo mana kwana biyu, hira ta kawo mu kan sinimar da suka riƙa shiga a Kano suna samari, na tashi na ɗauko. Daga ranar zuwa yau na kalle shi sau biyar.

Fim ɗin na kamfanin Warner ne, ya fito a ƙarshen 1935, baƙi da fari, tsawonsa minti 119. Michael Curtiz ne ya ba da umarni, labarin kuma daga littafin da Rafael Sabatini ya fitar a 1922 aka ciro shi.

Game da faifan kansa, maganar ba ta da yawa. Na yankin Amurka ne, don haka mai son saye ya fara tabbatar na'urarsa tana karɓar irinsa. Tamu ta karɓa ba gardama. Hoton ya fita tsaf fiye da yadda na zata ga abin da ya kai kimanin shekara casa'in, sai dai a wasu wurare, musamman wajen yaƙin jirage, za ka ga hoton ya ɗan dushe. Dalili kuwa shi ne an aro wasu guntaye daga wani tsohon fim na zamanin da ba a magana a majigi, an haɗa da ƙananan jiragen da aka sassaƙa aka ɗora a kan ruwa cikin sutudiyo. Sauti yana da ɗan shuuu na tsufa, amma kiɗan Erich Korngold yana fita da ƙarfinsa. Akwai rubutun Turanci a ƙasa, kuma ina ba da shawara a kunna shi, domin Turancin mutanen da ne, mai lanƙwasa da habaici.

Ba mu yi minti biyar da farawa ba Baffa ya jefo tambayar da duk wanda ya tashi a gidan kallo yake fara yi.

"To ɗana, wane ne akta, wane ne bos?"

Na ce, "Baffa, akta ga shi nan, likitan nan. Bos kuwa a yi haƙuri, sun kai huɗu."

Da gaske nake. Wannan shi ne abu na farko da ya kama ni a ginin labarin. A shekarar 1685 aka buɗe, lokacin da Duke na Monmouth ya yi wa Sarki James na Biyu na Ingila tawaye aka murƙushe shi a Sedgemoor. Peter Blood likita ne ɗan Ailan da ke zaune a garin Bridgwater, ba ruwansa da tawayen. Cikin dare aka buga masa ƙofa aka ce wani ya ji rauni, ya ɗauki jakarsa ya tafi. A kan majinyacin sojojin sarki suka same shi. Laifinsa ke nan, babu ƙari. Marubucin ya san abin da yake yi, domin mutumin da za a nemi mu so shi alhali ɗan fashi ne, dole mu fara ganin an zalunce shi a kan aikin alheri.

Zaman kotun shi ne wurin da na fi maimaitawa. Alƙali Jeffreys, wanda mutum ne na gaske a tarihi, yana zaune can sama, fuska a rame, yana kai hankici baki. Ɗakin faɗi gare shi, babu kaya, sai inuwoyi manya a jikin bango, har mutanen da ake yi wa shari'a suka koma ƙanana. Blood ya yi bayanin cewa shi majinyaci ya gani, ba ɗan tawaye ba. Aka ƙi saurara. Sai ya ɗaga ido ya dubi alƙalin irin duban da likita ke yi wa wanda ya shigo ɗakinsa, ya faɗa masa cutar da ke cin sa, ya ce hukuncin da ke kansa ya fi wanda yake yanke wa mutane tabbas. Ka ga hannun alƙalin ya tsaya. Da na fassara wa Baffa sai ya gyara zama ya ce, "Wannan yaro bakinsa zai ja masa." Jeffreys na gaskiya ya mutu a tsare a Hasumiyar Landan a 1689, shekara huɗu kacal bayan waccan shari'a.

Ba a rataye su ba, domin an nuna wa sarki cewa sayar da su ya fi riba. Aka loda su a jirgi sai Port Royal ta Jamaika. A nan ne aka dasa ƙusar da duk sauran labarin ke rataye a kai. A bakin teku ana gwanjon su, ana taɓa damatsa ana duba haƙora, Kanar Bishop mai gonakin rake ya ƙi sayen Blood saboda tsaurin idonsa, saura kaɗan ya faɗa hannun wanda bayinsa ba sa daɗewa a raye. Sai Arabella, 'yar ɗan'uwan Kanar, ta taya shi fam goma. Ita a ganinta ceto ta yi. Shi kuwa abin da ya ji shi ne an sa masa farashi, kuma bai yafe ba.

Abin da nake so ɗalibaina su gani shi ne wannan: duk abin da aka yi a rabin farko na fim ɗin bashi ne, kuma sai an biya shi a rabi na biyu, da irin kuɗin da aka ci shi. Ta saye shi, zai saye ta. An gurfanar da shi gaban mai mulki, za a gurfanar da Bishop gabansa. Sarki ne ya mai da shi bawa, sarki ne zai wanke shi. Ko ciwon ƙafar gwamna Steed, wanda aka sa don a yi dariya, ba a bar shi a banza ba: shi ya ba Blood damar yawo a gari har ya shirya gudu, kuma a wannan gidan gwamnan labarin zai ƙare. Ban ga zare ɗaya da aka saki aka manta da shi ba. Yaranmu masu rubuta wasa sukan shigo da mutum a fitowa ta biyu ya ɓace har a tashi, ko su ƙulla rigima su warware ta da mafarki. Ga wanda za a nuna musu.

Taurarin kuwa irin waɗanda ka sani ne tun kafin ka gan su, kuma ban ɗauki wannan aibi ba. Errol Flynn yana da shekara 26, ba kowa ya san shi ba, an ba shi rawar Blood ne bayan Robert Donat ya janye. Jarumin da ya fito a matsayinsa mai ilimi ne da kaifin harshe, wanda ƙaddara ta tura shi cikin 'yan ta-kife amma bai zama su ba. Olivia de Havilland, wadda ta fito a matsayin Arabella, shekararta 19, kuma wannan ne na farko cikin finafinai takwas da suka yi tare. Arabella ba irin yarinyar da ke zaune tana jiran a cece ta ba ce. Ita ce ma'aunin jarumin, maganarta guda, da ta kira shi ɓarawo ɗan fashi, ita ta juya akalar jirgi zuwa inda igiyar rataya ke jiransa. A gefen Blood akwai Jeremy Pitt, amini mai tuƙi wanda ya sha bulala bai tona asiri ba. Akwai Hagthorpe mai harba igwa, da Wolverstone mai ƙarfi, da Ogle wanda ba ya buɗe baki sai da ayar littafinsu. Sai Nuttall matsoraci, wanda da ya ji an karanta dokar jirgi cewa duk wanda ya rasa gaɓa a yaƙi yana da diyya, ya laɓe ya harbe ɗan yatsan ƙafarsa don ya samu rabo. Baffa ya yi dariya har da tari. Ita dokar diyyar ba ƙirƙira ba ce, 'yan fashin tekun Karibiyan na wancan zamani sun riƙa rubuta irinta, hannun dama kuɗin azurfa 600, sauran gaɓɓai ƙasa da haka.

A cikin mugayen huɗu, sarki daga nesa yake zalunci, alƙali da doka, Bishop da bulala. Na huɗun ne ya fi ba ni abin tunani, wato Levasseur, Bafaranshen da Blood ya ƙulla kawance da shi a tsibirin Tortuga. Basil Rathbone ne ya fito a matsayinsa, kuma bai daɗe a fim ɗin ba. Aikinsa ɗaya ne: ya nuna mana abin da Blood zai zama in ya saki kansa. Sana'arsu ɗaya, tutarsu ɗaya, ganima suke ci dukansu. Da Levasseur ya kama jirgin da Arabella ke ciki ya sa mata kuɗin fansa, Blood ya zube lu'ulu'u a gaban yaran Levasseur ya biya, kwaɗayi ya raba su da maigidansu, aka zare takubba a kan duwatsun bakin ruwa. Faɗan gajere ne, babu surutu. Levasseur ya faɗi rigingine, igiyar ruwa ta zo ta rufe fuskarsa ta koma, idonsa a buɗe. Ɗan autana da ke leƙe daga bayan kujera ya ce, "Baba, ruwan bai sa ya ƙifta ba."

Sai dai a nan ne na fara ganin dabarar da ban gamsu da ita ba. Shekarun da Blood ya yi yana fashi, da rubutu a allo da 'yan hotuna masu wucewa da sauri aka tsallake su. Ba mu ga fuskar ɗan kasuwa ɗaya da ya rasa dukiyarsa a hannunsa ba. An kwashe dattin sana'ar duka an jibga wa Levasseur, an bar jarumi da farar riga. Haka kuma sau biyu mafita tana faɗowa daga waje. Ana shirin zane shi da bulala sai jirgin Sifaniyawa ya buɗe wa garin wuta, bayin suka sulale suka ƙwace jirgin. Can ƙarshe kuma, ya iso Port Royal ya tarar jiragen Faransa biyu suna ragargazar garin, ya ce ba zai yi wa James yaƙi ba, sai Lord Willoughby ya sanar da shi ai an tumɓuke James, William ne a gadon sarauta, ga afuwa ga muƙami. Na biyun ina karɓarsa, domin haka tarihi ya yi a 1688. Na farkon sa'a ce tsagwaronta. Ko naɗa ɗan fashi gwamna, kamar yadda aka yi wa Blood a ƙarshe, ba abin mamaki ba ne a can, Henry Morgan ya yi fashin teku ya dawo mataimakin gwamnan Jamaika.

Ƙarshen yana da daɗi ƙwarai. Bishop, wanda a lokacin shi ne gwamna, ya bar garin babu tsaro ya tafi farautar Blood, aka kawo shi gaban sabon gwamna yana rawar jiki, gwamnan ya ɗago kai, ashe bawansa ne na da, ya gaishe shi da sunan baffan wadda zai aura, wato Arabella. Baffa ya buga cinya ya ce, "Allah ya kama ka!"

Ga malamin adabi da mai sha'awar rubuta fim, faifan ya ci kuɗinsa har da riba. Yara ma za su iya kallo, babu abin kunya a ciki, illa bulala da faɗa. Wanda ya saba da finafinan yanzu masu gudu zai ji rabin awar farko ta yi masa nauyi, ya daure.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma ba zan sa wa ɗalibaina fim ɗin ba sai na faɗa musu shi. Labari ne a kan zafin bauta, an kafa shi a Jamaika, tsibirin da rakensa ya tsaya a kan wuyan 'yan Afirka da aka kwaso daga gaɓar tekunmu ta yamma. Shi kansa Sarki James ɗin, tun yana Duke na York, shi ne shugaban Royal African Company, kamfanin da ke jigilar su. Duk da haka babu baƙar fata ɗaya a fim ɗin da aka ba shi labari ko aka tambayi ransa. Kukan Blood shi ne an bautar da wanda bai yi laifi ba, kuma an gina fim ɗin yadda za mu ji ciwon fam goman nan har ƙashi. Na ji shi. Sai dai a wannan bakin tekun ana sa wa dubbai farashi, kyamarar ba ta waiwaye su ba.

Ban yi wannan maganar a daren ba. Baffa ne, bayan an rubuta ƙarshe ina naɗe waya, ya yi shiru can ya ce, "Ɗana, shi ya zama gwamna. To namu mutanen da ke cikin raken fa, ya sake su?"

Na ce, "A'a Baffa, fim ɗin bai ce komai a kansu ba. Sai a 1838 aka sake su gaba ɗaya."

Ya ƙirga da yatsunsa daga 1688, ya ce, "Ɗari da hamsin." Ya ɗauki butarsa ya fita alwala.