Hattara da masu tallar "maganin yoyon baƙin mai" a Jidda da Makka

'Yan uwa masu tsofaffin Camry, Corolla da Hilux, musamman waɗanda da motar suke neman abinci, akwai damfarar da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp. Ana tallar wata kwalba marar sunan kamfani, marar tambarin SASO (hukumar tabbatar da ingancin kaya ta Saudiyya), wai a tuttula ta a inji, yoyon baƙin mai ya tsaya rana ɗaya. Wasu har ƙofar gida suke zuwa, su wanke injin da dizal, su dambara silikon ta waje, su karɓi riyalolinsu, gobe ka kira layin a kashe. Sun fi farautar wanda fahas ɗin motarsa, wato binciken lafiyar mota na hukuma, ya matso, don sun san hankalinsa a tashe yake.

Abin da kwalbar ke yi kawai shi ne ƙara wa man kauri. Ɗigon zai ragu kwana biyu, amma mai kauri ba ya saurin kaiwa saman inji idan an tayar da mota, kuma yana dagula aikin VVT-i, tsarin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, wanda da ƙarfin mai yake tafiya. Ko maganin kamfani na gaske, iyakarsa ya ɗan kumbura robar da ta bushe. Gasket ɗin da ya tsage ba ruwan da ke ɗinke shi. Silikon kuwa ba ya kama wurin da mai ya jiƙa.

Fara gano inda man ke fitowa. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ya kwana: baƙi ko ruwan ƙasa na inji ne, jan mai kuma na giyar otomatik ko na sitiyari. Wanke injin bayan ya huce, yi tafiyar minti 20, sannan ka haska da tocila daga sama, domin mai gangarowa yake yi, inda ya ɗiga ba nan ne tushensa ba. A zafin Saudiyya, gasket ɗin murfin saman inji, wanda masu kayan gyara ke kira wajh gidal baluf, shi ya fi saurin bushewa. Alamarsa ƙaurin mai a kan salansa, ko mai a ramin fulogi.

Canza wannan gasket aikin gida ne. Cire kwayil-kwayil, kwance notocin da sifana lamba 10, ɗaga murfin a hankali ba tare da ƙwaƙular alminiyon da sukundireba ba. Goge bakin tas ya bushe. Sa sabon gasket tare da robobin ramin fulogi. Silikon ɗigo kamar ƙwayar wake ya isa, a mahaɗar kan inji da murfin taimin kaɗai. Idan ya yi yawa yakan gutsuro ya toshe ragar famfon mai, daga nan sai inji ya buga. Ɗaure notocin daga tsakiya zuwa gefe, da ƙarfin matsi wajen Nm 10 a sifana mai ma'auni. Wanda ya matse da ƙarfi zai tsinke noti ko ya lanƙwasa murfin.

Duba bawul ɗin PCV ma, wato wanda ke fitar da iskar da ke taruwa a cikin inji. In ya toshe, iska na taruwa a cikin inji ta turo mai waje, sabon gasket ma ya koma yoyo. Sai wasar notin zubar da mai, a canza ta duk juye, da tsohuwar robar filta da kan maƙale a ɗora sabuwa a kanta.

Yoyo tsakanin inji da giyabos kuwa yakan zama sufar baya ce, wato robar da ke tare mai a bayan inji, sai an sauke giya, aikin gareji ne a Sana'iyya, unguwar makanikai. Duk wanda ya ce sufa ce bai wanke ya duba ba, kada ka ba shi kafin alƙalami. Wanda aka riga aka sayar wa kwalbar ya juye man da filta yau, ya adana hirar da shaidar tura kuɗin, ya kira Ma'aikatar Kasuwanci a 1900.