Weihrauch HW97K: Bindigar Iskar da Bututunta Ba Ya Rawa

Ɓeraye da gafiya ne suka sa na nemi lasisin 'yan sanda na mallaki bindigar iska, domin sun addabi ma'ajiyar shinkafarmu a Argungu, ni kuma ba na yarda a zuba guba kusa da abincin mutane. Ta farkon da na saya irin wadda ake karya bututunta ce kafin a ɗura mata harsashi. Da maɗaurin bututun ya saki, sai ta riƙa watsa harsashi, yau sama gobe ƙasa, ina ta zargin idona alhali laifin na ƙarfe ne.

Abin da ya ja ni ga HW97K, ƙirar kamfanin Weihrauch na Jamus, shi ne bututunta a kafe yake, kuma da wani hannu na daban da ke ƙarƙashinsa ake ɗana ta. A bindiga mai sifirin irin wannan, da zarar an ja kunama fistin, wato ƙarfen da sifirin ke tunkuɗawa ya matso iska, ne ke fara zabura, ya girgiza bindigar gaba da baya tun harsashin dalma bai bar bututun ba, don haka inda bakin ya karkata a wannan ƙiftawar ido nan harsashin zai nufa. Bututu gajere mai kauri ya fi dogo siriri tauri, rawarsa kuma kaɗan ce. Na wannan bindiga kimanin santimita 30 ne kacal.

Na gwada ta a bayan ma'ajiyar da sassafe, kafin iskar hunturu ta taso. Na kafa kwali a nisan mita 25, na harba harsashi biyar masu faɗin milimita 4.5, kuma murfin kwalbar lemo ya rufe ramukan gaba ɗaya. Sai dai ban sami wannan ba sai da na daina damƙe ta. Da na ɗora ta kai tsaye a kan katako, ramukan sun warwatse, amma da na kwantar da ita a tafin hannu, a wuri guda kowane harbi, na bar ta ta yi motsinta, sai suka haɗe.

Tana da nauyi, wajen kilo 4 tun ba a ɗora madubin saiti ba, wanda zai zaga fadama da ita kafaɗarsa za ta ji a jika. A wurina nauyin alheri ne, domin shi ke shanye girgizar. Duk mai sayenta ya riƙa duba sukurorin da suka haɗa ƙarfen da katakon, musamman bayan damina, lokacin da katako ke bushewa ya tsuke.